Lambar cizon alade da tarihin ƙidayar cututtuka

 A yau shirin zai kai mu birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka, inda za mu bi diddigin tarihin wata 'yar lamba da asibitoci ke amfani da ita. In akwai biro da takarda a kusa da ku, to ga ta nan: W55.41XA. Ma'anar wannan lamba ita ce alade ya ciji mutum, kuma yanzu haka ana kan yi masa magani. Sai ku gyara zama ku biyo mu.

Na san wani daga cikinku ya riga ya fara murmushi. To ai su ma Amurkawan dariya suka yi. A ranar 1 ga watan Oktoban shekarar 2015 ne asibitocin ƙasar suka koma amfani da wani sabon kundi na lambobin cututtuka, bayan an sha ɗage ranar fara aiki da shi. Tsohon kundin yana da lambobi kimanin 14,000, sabon kuwa ya doshi 70,000. Nan da nan 'yan jarida suka shiga tsintar na ban dariya a ciki. Akwai lambar wanda agwagwa ta buge, akwai ta wanda kunkuru ya buge, akwai ta wanda injin jirgin sama ya zuƙe, sannan ga ta cizon alade. Mutane suka ce wannan ai ɓata lokacin likitoci ne kawai. Tambayar da shirin namu zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce, shin wa ke da buƙatar sanin cewa alade ne ya ciji mutum, kuma me aka taɓa asara a duniya saboda rashin rubuta irin wannan bayani?

Bari mu fara da shi kansa birnin. Greensboro birni ne mai mutane kimanin 300,000 a tsakiyar jihar, kuma 'yan uwanmu 'yan Nijar da dama sun daɗe da zama a cikinsa, suna aiki suna kuma kasuwanci. Akwai jami'ar koyon aikin gona da fasaha ta A&T da aka kafa a 1891, wadda ke da gonarta, har da sashen bincike kan kiwon aladu. To amma cibiyar kiwon aladu ta jihar tana can kudu maso gabas, tafiyar sa'o'i biyu da 'yan kai a mota, a gundumomin Sampson da Duplin. Za mu je can nan gaba kaɗan.

Yanzu mu ƙaddara wani ma'aikacin gona ya shigo sashen gaggawa na wani asibiti a Greensboro, hannunsa na dama yana zubar da jini, ya ce alade ne ya kama shi. Likita ba ya ɗaukar wannan rauni da wasa. Haƙoran alade, musamman na ƙaton namiji, kan shiga da zurfi su yaga nama, bakinsa kuma cike yake da ƙwayoyin cuta iri-iri, ga ƙazantar garke da ke shiga ciwon. Saboda haka za a wanke raunin sosai, a cire naman da ya mutu, a duba ko jijiya ko ƙashi sun taɓu, a yi masa allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora in ta ƙare masa, a kuma ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sau da yawa likita kan ƙi ɗinke irin wannan ciwo nan take, don kada a kulle ƙazanta a ciki ya ruɓe.

Bayan mutumin ya tafi gida, takardarsa kan je hannun wani ma'aikaci da majiyyaci ba ya taɓa gani, wato mai sanya wa cututtuka lamba. Aikinsa shi ne ya karanta abin da likita ya rubuta ya mayar da shi lambobi. Lambar farko ita ce ta raunin kansa, S61.451A, wato cizo a hannun dama. Sai ta biyu, wadda ke faɗin abin da ya jawo raunin, ita ce tamu ta alade. Harafin W na nufin hatsari ne daga waje, 55 na nufin haɗuwa da dabba mai shayarwa, 4 shi ne alade, 1 kuma cizo. Da a ce aladen bangaje shi ya yi, da 2 za a sa a maimakon 1. Harafin X cike gurbi ne kawai. Harafin ƙarshe kuwa shi ke nuna matakin jinya: A in ana tsakiyar magani, D in ya dawo a duba yadda ciwon ke warkewa, S kuma in wata matsala ce da cizon ya bar masa, alal misali yatsan da ya sandare. Ana iya ƙara wata lambar da ke nuna a gona abin ya faru, da wata da ke nuna a bakin aikin neman abinci ne. Da waɗannan lambobi ne kamfanin inshora ke biyan asibiti. Kazalika tun daga 2005 dokar jihar ta wajabta wa sassan gaggawa na asibitoci su riƙa tura bayanansu ga wani tsarin sa ido da ake kira NC DETECT, wanda ma'aikatar lafiya ta jihar ke gudanarwa tare da jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill. Ta nan ne jami'an lafiya ke hango cuta in ta fara yawa a wani yanki.

To ina aka samo wannan dabara? Sai mu koma baya, fiye da shekaru 350, zuwa birnin Landan. A wancan zamani in mutum ya mutu, ana tura wasu tsofaffin mata su duba gawar su faɗi abin da ya kashe shi, a kowane mako kuma a buga jerin. Abin da suka ga dama suke faɗi. Wannan haƙora ne suka kashe shi, wancan baƙin ciki, wani tsoro, wani kuma cizon mahaukacin kare. A shekarar 1662 wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan ɗinki, John Graunt, ya tattara waɗannan takardu na shekaru masu yawa ya zauna ya ƙirga. Duk da kurakuran da ke ciki, ya gano cewa a cikin yara 100 da aka haifa, kimanin 36 ba sa kai shekara shida. Kowa ya san yara na mutuwa, amma sai da aka ƙirga aka san girman abin.

A 1839 aka ɗauki wani likita mai suna William Farr aiki a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila. Babban abin da ya dame shi shi ne cuta guda tana da sunaye uku ko huɗu, suna guda kuma ana laƙaba shi ga cututtuka daban-daban. Ku ma kun san wannan matsala. In an ce wane yana fama da shawara, ko basir, ko sanyi, cututtuka nawa ne ke ɓoye a ƙarƙashin kowace kalma? Farr ya dage cewa sai an yarda da suna guda ga kowace cuta kafin ƙidaya ta yi amfani. A 1853 wani taron masana ƙididdiga a birnin Brussels ya ɗora masa shi da wani likitan Geneva, Marc d'Espine, aikin tsara jerin da dukkan ƙasashe za su yi aiki da shi. Ba a samu daidaito ba sai bayan shekaru 40, lokacin da wani taro a birnin Shikago ya amince da jerin da Bafaranshe Jacques Bertillon ya gabatar a 1893. A 1900 wakilan ƙasashe 26 suka haɗu a Paris suka yi masa gyara na farko, aka kuma ci gaba da gyara shi kusan duk bayan shekaru goma.

Da aka kafa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1948, sai ta karɓi ragamar kundin, wanda a yau aka fi sani da ICD. A gyaran wannan shekarar ne aka yi abubuwa biyu masu muhimmanci. Na farko, aka shigar da cututtukan masu rai, domin a da abin da ya kashe mutum kaɗai ake rubutawa. Na biyu, aka ce duk wani rauni a rubuta shi ta fuska biyu, wato irin raunin, da kuma abin da ya jawo shi. Dalili kuwa a fili yake. Likita na buƙatar sanin ƙafa ta karye don ya ɗaure ta, amma mai son hana karayar ƙafa ta gaba na buƙatar sanin mota ce, ko doki, ko faɗowa daga bishiya. Lambar cizon alade jikar wannan shawara ce. Hukumar ta amince da gyara na 10 a 1990, Amurka ta faɗaɗa shi don asibitocinta, shi ne wanda ta fara aiki da shi a 2015. Gyara na 11 kuwa ya fara aiki a duniya tun 1 ga Janairun 2022, ko da yake ƙasashe na komawa kansa ne sannu a hankali.

Yanzu sai mu kama hanyar gabas daga Greensboro. A ƙarshen shekarun 1980 aladun jihar Karolina ta Arewa ba su kai miliyan 3 ba. Kafin shekaru goma sun doshi miliyan 10, har sun zarce mutanen jihar yawa a lokacin. Ƙananan manoma sun ja da baya, manyan kamfanoni suka shigo da dogayen rumfuna da ake cusa dubban aladu a ciki, ana tara kashinsu da fitsarinsu a manyan tafkuna a fili. A 1992 aka buɗe wata katafariyar mayanka a garin Tar Heel, wadda ke iya yanka aladu fiye da 30,000 a rana guda. A watan Yunin 1995 bangon wani tafkin kashi ya fashe a gundumar Onslow, galan miliyan 25 na ƙazanta suka malala zuwa kogin New. A 1997 majalisar jihar ta dakatar da gina sababbin manyan gonaki masu irin waɗannan tafkuna, a 2007 kuma ta mayar da haramcin na dindindin, amma tsofaffin suna nan suna aiki. A wurin da dubban mutane ke wuni da aladu kullum, lambar cizo ba abin dariya ba ce. Sai dai kuma cizon shi ne ƙarami a cikin matsalolin, domin shi ana ganinsa da ido, majiyyaci kuma zai faɗi abin da ya cije shi. Wanda ya fi wuya shi ne zazzaɓi.

A 1992 ma'aikatar lafiya ta gundumar Sampson ta kai rahoton mutane 18 da suka kamu da wata cuta, dukkansu ma'aikatan mayankar aladu guda. Cutar ita ce wadda makiyayanmu suka sani a jikin shanu da sunan bakkale, wadda ke sa saniya ɓari, gwiwoyinta su kumbura. Wani likitan sojan Ingila, David Bruce, shi ya fara gano ƙwayar a tsibirin Malta a 1887, a 1914 kuma aka gano irin da ke kama aladu. A jikin mutum takan zo da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da gumi cikin dare, da ciwon gaɓoɓi da baya, da kasala ta makonni. Takan shiga ta ɗan yanka a hannu, ko ta ido, ko ta numfashi a wurin fiɗa. A shekarun 1940 ana samun dubban masu cutar a Amurka duk shekara, amma zuwa 1992 ba su wuce kimanin 100 ba a ƙasar baki ɗaya. Saboda haka da aka ga 18 daga wuri guda, an san ruwa ba ya tsami banza. Masu bincike na gwamnatin tarayya suka je suka gwada jinin ma'aikata 154 na sashen yanka, aka samu 30 da cutar, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Da a ce kowanne ya je asibiti daban an rubuta masa zazzaɓi kawai, da babu wanda zai haɗa su. Maganinta kuwa ba na kwana uku ba ne, ana haɗa magunguna biyu ne a sha na tsawon makonni shida aƙalla, in an katse ta dawo. A kundin lambobi ita ce A23, irin ta alade kuma A23.2. Tun 2011 aka ayyana garkunan kasuwanci na Amurka a matsayin waɗanda suka rabu da cutar, amma aladun daji na ɗauke da ita, mafarauta kuma na kamuwa.

Shekaru shida bayan haka, a watan Agustan 1998, aladun wata gona a jihar suka kamu da mura mai tsanani. Da aka duba ƙwayar, sai aka ga wani ɓangarenta na murar mutane ne, wani na murar aladu. Kafin shekarar ta ƙare an samu wata a jihohin Texas da Iowa da Minnesota wadda ta haɗa uku, har da ta tsuntsaye. Masana sun daɗe da sanin cewa maƙogwaron alade na karɓar murar mutum da ta tsuntsu duka, in kuma biyu suka haɗu a jiki guda sukan yi musayar sassa su haifar da sabuwa. Tun lokacin annobar 1918 wani likitan dabbobi a Iowa, J.S. Koen, ya lura aladu na rashin lafiya tare da masu su, a farkon shekarun 1930 kuma Richard Shope ya tabbatar da ƙwayar. Ita wannan mai haɗin uku ta ci gaba da yawo a garkuna, daga baya ta sake haɗuwa da wata ta aladun Turai da Asiya. Abin da ya fito shi ne murar da ta ɓulla a Meksiko da Kaliforniya a farkon 2009, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin annobar duniya a ranar 11 ga Yunin wannan shekarar.

A nan ma suna da ƙidaya sun yi tasiri. Da aka kira ta murar aladu, gwamnatin Masar ta ba da umarnin karkashe aladun ƙasar, kimanin 300,000, alhali cutar daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa. Dole Hukumar ta daina amfani da sunan ta koma kiranta H1N1. A Amurka sai da aka ƙirƙiro mata sabuwar lamba a watan Oktoban 2009, domin tsohon kundin bai tanade ta ba. Mutanen da aka tabbatar a ɗakin gwaji cewa ita ta kashe su kimanin 18,500 ne. Amma wani nazari da aka wallafa a 2012 ya ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu a shekarar farko sun kai tsakanin 151,700 da 575,400, kusan rabinsu kuma a Afirka da kudu maso gabashin Asiya, inda ba a gwada su ba, ba a kuma rubuta su ba. Ku duba tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma, jama'a.

Misali mafi ɗaci na kuskuren suna ya faru ne a Malesiya. A ƙarshen 1998 masu kiwon aladu a kusa da birnin Ipoh suka fara kamuwa da zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya suma ya mutu cikin kwanaki. Hukumomi suka ce wata sananniyar cuta ce da sauro ke yaɗawa, aka shiga feshi da allurar rigakafi. Mutane suka ci gaba da mutuwa, manoma kuma suka ci gaba da sayar da aladunsu zuwa kudu, cutar na biye da su. Amma akwai alamar da ke gaban kowa. Sauro ba ya zaɓen wanda zai ciza, ita kuwa wannan cuta manyan maza masu taɓa aladu ta fi kamawa, ta bar yara da maƙwabtan da ba ruwansu da aladu. Sai a watan Maris na 1999 wani likita, Chua Kaw Bing, ya ware sabuwar ƙwaya, aka raɗa mata sunan ƙauyen Sungai Nipah. Asalinta daga jemagu ne masu cin 'ya'yan itatuwan da aka shuka a gefen garkuna. Kafin a shawo kanta ta kama mutum 265, ta kashe 105, aka kuma hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya. Tambaya guda, wato wane aiki kake yi, ita ce ta fara nuna cewa sunan da aka ba cutar ba nata ba ne.

In muka dawo Karolina ta Arewa, akwai wasu mutanen da babu lambar da ta ambaci alade a takardunsu, su ne maƙwabtan gonakin, waɗanda da yawansu baƙaƙen fata ne, da 'yan asalin Latin Amurka, da 'yan ƙabilun asali, kuma talakawa. Marigayi Steve Wing na jami'ar Chapel Hill ya shafe shekaru yana aiki da su. A wani nazari da ya wallafa a 2000 ya nuna cewa masu zama kusa da wata babbar gona sun fi kokawa da ciwon kai, da tari, da zawo, da raɗaɗin ido. A 2018 kuma masu bincike na jami'ar Duke suka ɗauko bayanan asibitoci da na mace-mace na jihar, waɗanda duk da irin waɗannan lambobi aka ajiye su, suka kwatanta yankuna. Suka ga cewa a inda aladu suka fi cunkoso an fi samun ƙarancin jini, da ciwon ƙoda, da tarin fuka, da gubar jini, da mutuwar jarirai. Masu sana'ar sun ƙalubalanci sakamakon, su kansu masu binciken kuma sun yarda cewa nazarin bai tabbatar da cewa gonakin ne suka haddasa cututtukan ba, ya dai nuna inda ya kamata a zurfafa bincike. Iyakar lamba ke nan. Tana iya nuna maka inda hayaƙi ke tashi, amma sai mutum ya taka ya je kafin a san abin da ke ƙonewa.

To watakila kai mai sauraro a Kano ko Maradi ko Sakkwato kana cewa, ni da ba na ci, ba na kiwo, ina ruwana? Saurari wannan. A 1992 wata mujallar likitoci ta ba da rahoton wasu Yahudawa huɗu masu tsananin riƙo da addini a birnin New York, waɗanda ba sa cin naman alade, amma suka fara faɗuwa irin ta farfaɗiya. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu sai ga 'ya'yan tsutsar alade a ciki. Yadda abin yake shi ne, wanda ya ci naman da bai dahu ba shi ke samun doguwar tsutsar nan mai faɗi, wato tsila, a hanjinsa. Ƙwayayenta na fita a bayan gidansa. Duk wanda ya haɗiye ƙwan, ta hannun da ba a wanke ba, ko ruwa, ko ganyen da ba a wanke ba, 'ya'yan kan iya tafiya har ƙwaƙwalwarsa. Bincike ya nuna cewa a gidajen nan na New York, ta hannun masu aikin gida da suka fito daga ƙasashen da tsutsar ta yi yawa ne aka fi zaton ƙwan ya shiga abinci, su kansu ba su san suna ɗauke da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da tsutsar ta yi katutu, ita ce sanadin kimanin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Kuma akwai maganinta a asibiti.

Ai kuma aladun ba su yi mana nisa ba. Kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan a kudancin jihar Kaduna na cikin manyan kasuwannin aladu a Najeriya, akwai masu kiwo, da direbobi, da mahauta, da likitocin dabbobi da ke cin abinci a wannan sana'a, kuma kasuwa ɗaya muke ci, ruwa ɗaya muke sha. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ita kuwa bakkale ba ta buƙatar alade ma, tana nan a shanu da awaki da tumaki da raƙuma, tana shiga ta madarar da ba a tafasa ba da kuma hannun mai taimaka wa dabba haihuwa. Kun kuma tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, karon farko a nahiyar Afirka. Abin tambaya shi ne, mutum nawa ne aka yi ta ba su maganin maleriya da taifot wata da watanni, alhali babu wanda ya tambaye su ko mahauta ne ko makiyaya? Mafi yawan waɗanda ke rasuwa a ƙasashenmu a gida suke rasuwa, a binne su ba tare da takardar da ta faɗi dalili ba. Shi ya sa a Najeriya da Nijar masu bincike kan bi gida-gida suna tambayar iyaye yadda ciwon ya faro wa yaron da ya rasu, don su laƙanci abin da ya kashe shi, aikin da bai yi nisa da na tsofaffin matan Landan ba.

Shi ma'aikacin lambobi da muka baro a Greensboro ba ya iya rubuta abin da likita bai rubuta ba, likita kuma ba ya rubuta abin da ba a gaya masa ba. Don haka in zazzaɓi ya ƙi jin magani, ko yana tafiya yana dawowa, in kun je asibiti ku faɗi sana'arku ko da ba a tambaye ku ba. Ku faɗi irin dabbar da kuke hulɗa da ita, ko wata ta yi ɓari ko ta mutu a garkenku kwanan nan, ko kuna shan ɗanyar madara. Kada kunya ta hana mai kiwon alade faɗi, kada kuma ma'aikacin lafiya ya yamutsa fuska in an faɗa masa. In dabba ta ciji mutum a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take a nufi asibiti. A tafasa madara, a dafa nama ya dahu, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi. Ku kuma ma'aikatan lafiya da ke saurarenmu, layi guda da za ku ƙara a katin majiyyaci kan sana'arsa na iya zama abin da wani mai bincike zai dogara da shi nan da shekaru goma.

To jama'a masu sauraro, da haka muka kawo ƙarshen shirin namu na wannan mako. In kuna da tambaya ko ƙarin bayani, musamman ku mahauta da makiyaya da ma'aikatan asibiti, sai ku rubuto mana, za mu karanta wasiƙunku a shirye-shirye masu zuwa. Sai Allah Ya kai mu mako na gaba, a huta lafiya.